Yadda ake kiwon goggon biri a gidan zu har ya hayayyafa

Da yawa in suka ji an ce gorila, wato goggon biri, ta haihu a gidan zu ɗauka suke abin bai wuce a samo namiji da mace a zuba su keji ɗaya a zauna jira ba. To masu gidajen zu ɗin kansu haka suka ɗauka shekara da shekaru. Tun ƙarni na 19 ake kwasar goggon biri daga dazukan Afirka ana kai shi Turai da Amurka, yawancinsu ko shekara ba sa rufawa suke mutuwa, kuma ba a taɓa samun haihuwa ba sai ranar 22 ga Disamba 1956, da aka haifi Colo a gidan zu na Columbus a jihar Ohio. Amma mutane ne suka raine ta. A Turai sai 1959 aka haifi Goma a Basel ta ƙasar Siwizalan, ita ma a hannun mutane ta tashi. Sai 1961 aka samu Jambo, nan Basel ɗin dai, wanda uwarsa ce ta shayar da shi ta goya shi da kanta, kuma ni a wajena daga nan ne kiwon gaske ya fara, domin gorila ba ta zuwa duniya da sanin yadda ake zama gorila, koya take yi a wajen 'yan uwanta. Duk matakan da zan jero a ƙasa a kan wannan suke tafiya.

Da farko, wane biri kuma daga ina

Manyan birai kashi huɗu ne: gorila, cimfanzi, bonobo da orangutan. Ukun farko 'yan Afirka ne, orangutan kuma tsibiran Borneo da Sumatra. Gorilar da za ka gani a gidan zu kusan duk ta yammacin tsakiyar Afirka ce, mai zama a dazukan ƙasa-ƙasa na Kamaru, Gabon, Kongo da maƙwabtansu. Ta kan duwatsun Ruwanda da Yuganda babu ita a gidan zu ko ɗaya yanzu, an gwada, guda biyu da aka kai Kolon ta Jamus a 1969, Coco da Pucker, duka sun mutu a 1978.

Ba a sayen gorila. Wannan ka riƙe shi da kyau. Duk manyan birai suna cikin jeri na ɗaya na yarjejeniyar CITES ta duniya kan cinikin namun daji, wadda ta fara aiki a 1975, wato an hana cinikinsu tsakanin ƙasashe, kuma duk jaririn da wani dillali ya tallata maka to ka sani sai da aka kashe uwarsa, sau da yawa har da uban da ya tsaya kare su, kafin a ɗauke shi. Misali sananne shi ne 'yan gorila huɗu da aka kai Taiping ta Maleshiya a 2002 da takardun da suka ce haifaffun gidan zu ne alhali daga daji aka kamo su, aka yi ta ja-in-ja har sai 2007 aka mayar da su cibiyar Limbe a Kamaru.

Hanyar halal ita ce shiga tsarin kiwo na haɗin gwiwa. A Turai sunansa EEP, a Arewacin Amurka SSP. Kowace gorila tana da lamba a kundin nasaba, an san uwarta da ubanta da kakanninta har zuwa wanda aka kamo daga daji, kuma akwai jami'i ɗaya da kwamitinsa da ke duba lissafin a kwamfuta su ce wannan namijin ya tafi can, wannan macen ta haihu, waccan ta dakata. Wanda danginsa suka yi kaɗan a cikin tsarin shi ake fifitawa don kar jini ya yi ta zagaye a gida ɗaya. Kuma kar ka yi mamaki in sabon gidan zu ya nemi iyali aka ce masa a'a fara da maza zalla tukuna mu ga kamun ludayinka. Ga orangutan akwai ƙarin sharaɗi, ba a haɗa na Borneo da na Sumatra barbara saboda jinsi biyu ne daban, waɗanda aka riga aka cakuɗa a da ana kula da su har ƙarshen rayuwarsu amma ba a barinsu su haihu.

Gini

Kafin dabba ta iso sai an gama waje uku: filin waje, babban ɗakin ciki na yini, da ƙananan ɗakunan baya inda ake raba su in za a duba lafiya ko a yi shara. Girman fili yana da amfani amma abin da ya fi shi muhimmanci shi ne yadda aka tsara shi. Dole ya kasance babu lungun da za a ritsa wani a ciki, kowane ɗaki ƙofa biyu aƙalla, ta yadda macen da babban namiji ya koro za ta fita ta wata hanya ta zagayo. A sa tuddai da kututture da duhuwar ciyayi inda wanda ba ya son a gan shi zai ɓuya, daga 'yan uwansa har daga 'yan kallo. Gidan zu na Woodland Park a Seattle ne ya fara irin wannan fili mai kama da daji a 1979, kafin nan siminti ne da tayil da sandunan ƙarfe saboda sauƙin wankewa.

Gorila a ƙasa ta fi zama, orangutan kuwa rayuwarsa a sama take, in ka ba shi fili shimfiɗaɗɗe ba dogayen turaku da igiyoyi to zama zai yi ya yi ta ƙiba. Shi ne kuma gwanin kwance abu, noti ko ƙusa ko waya duk abin da yatsa zai kama sai ya yi haƙuri ya kwance shi, wani mai suna Ken Allen a San Diego sau uku yana ficewa a 1985.

Maganar shinge, ramin ruwa yana da kyan gani amma manyan birai ba su iya iyo ba, an sha asararsu ta nutsewa, don haka in za a yi shi sai ɓangaren dabbobin ya zama mai gangara a hankali da abin kamawa. Kuma ba ya hana mai niyya, wani gorila mai suna Bokito ya tsallake nasa a Rotterdam a 2007 ya ji wa wata mata rauni sosai. Ɓangaren 'yan kallo ma shinge ne mai zaman kansa, a 2016 ƙaramin yaro ya faɗa wajen Harambe a Cincinnati dole aka harbe gorilar. Gilas mai kauri mai ninki-ninki ya fi kwanciyar hankali, yana kuma tare tari da atishawar mutane. Amma gaskiya yawancin ficewa ta ƙofa ake yinta, wani gorila mai suna Kumbuka na gidan zu na Landan a 2016 ƙofofi ya tarar ba a kulle ba ya bi. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a ƙirga dabbobi kafin a buɗe kowace ƙofa, a ja kwaɗo da hannu a tabbatar, kuma mai kula ba ya shiga waje ɗaya da babban biri, komai ta bayan ragar ƙarfe ake yi.

Kar a manta da gobara. A Philadelphia a jajibirin Kirsimeti na 1995 hayaƙi ya kashe birai 23, a Krefeld ta Jamus kuma daren shiga 2020 gidan biran ya ƙone ƙurmus. Na'urar jin hayaƙi da mai gadin dare ba ado ba ne.

Killacewa da lafiya

Sabon zuwa ana killace shi aƙalla kwana 30, a yi gwajin tarin fuka, a duba jini da kashi saboda tsutsar ciki. Kusan duk cutar da ke kama mutum tana kama su, mura da ƙyanda da ciwon huhu, kuma murar da kai za ka sha shayi ka warke tana iya kashe jaririn gorila. A Janairun 2021 gorilolin San Diego sun kamu da korona daga wani mai kula da bai ma san yana ɗauke da ita ba. Don haka mai kula da ke tari ya zauna gida, sauran su sa takunkumi da safar hannu, a kuma tsoma takalmi a ruwan magani a bakin ƙofa.

Babban abin da ke kashe manyan maza a gidan zu ciwon zuciya ne, naman zuciyar ke taurarewa a hankali ba alama sai dai a wayi gari ya faɗi. Da can sai an yi allurar barci kafin a duba, ita kuma allurar haɗari ce ga mai raunin zuciya. Yanzu horar da su ake yi, kullum minti kaɗan, ya manna ƙirjinsa a raga a ba shi ɗan abin daɗi, a hankali har ya yarda a ɗora masa na'urar sikanin yana farke, ya miƙo hannu a yi allura, ya buɗe baki a ga haƙori. Ba duka, ba tsawa, in ya ƙi yau a bar shi sai gobe. Wannan horon zai dawo ya yi maka rana lokacin haihuwa.

Abinci

Nan ne aka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Ayaba da lemo da tuffa na gona an gyara su don bakin mutum, sukarinsu ya ninka na 'ya'yan itacen daji nesa ba kusa ba. Gorila a daji yini take tana ɓare kara tana cin ɓargonsa, tana tsinkar ganye, tana ɓantarar ɓawon itace. In ka ba ta abinci mai zaƙi da za ta cinye cikin minti ashirin, sauran yinin ba ta da aikin yi, daga nan ake samun ƙiba da ruɓewar haƙori da wata ɗabi'a da ba a ganinta a daji, wato ta amayo abin da ta ci ta sake lashewa, wasu kuma su yi ta tsige gashin jikinsu. A Cleveland an cire wa maza biyu, Bebac da Mokolo, biskit ɗin masana'anta aka koma ganye mai yawa, sai ga shi amayon ya tsaya, nauyinsu ya sauka duk da cewa lokacin da suke ɓatawa wajen ci ya ƙaru sosai.

To tsarin shi ne ganyaye da kayan lambu su zama tushe, rassan itace masu ganye kullum gwargwadon abin da za a iya samu bayan an tabbatar ba mai guba, 'ya'yan itace kuwa kaɗan, a ajiye su don horo. A raba cin sau da yawa a yini, a watsa shi ko'ina a cikin ciyawa da ramukan kututture, domin in ka tara waje ɗaya babban namiji zai zauna a kai sai ya ƙoshi. Da yamma a zuba busasshiyar ciyawa da yawa, kowane babban biri sabuwar shimfiɗa yake yi wa kansa duk dare.

Haɗa iyali

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma nan ne gaggawa ke ɓata komai. Iyalin gorila babban namiji ɗaya ne, wanda bayansa ya yi furfura, abin da ke farawa wajen shekara 12, da mata biyu ko uku ko fiye da 'ya'yansu. Namijin na iya kai kilo 180, mace kusan rabinsa. Tsohon salon namiji ɗaya mace ɗaya tun suna yara shi ya hana haihuwa shekaru da dama, saboda waɗanda suka tashi tare ɗaukar juna suke wa da ƙanwa, kuma mace ɗaya tilo ba ta da wadda za ta tsaya mata in namijin ya matsa.

Ana farawa da su ji warin juna su ji muryar juna ba tare da sun haɗu ba. Sai a bar su su ga juna ta raga, kwanaki ko makonni, mai kula yana zaune yana rubuta abin da ya gani: waye ke matsowa, waye ke kawar da kai, suna cin abinci kusa da ragar ko kuwa macen ta daina ci tana zawo. In an ga suna zama kusa suna wannan gurnanin na jin daɗi mai kama da gyaran murya, to an kusa. Kafin a buɗe wa namiji, a fara haɗa sabuwar macen da sauran matan har su saba, saboda ranar da ya wuce gona da iri su ne za su taru su yi masa ihu su kore shi. Ranar buɗewa a buɗe duk ƙofofi a yi zagaye, a watsa abinci da yawa, likita na kusa, mesar ruwa a shirye, ba 'yan kallo.

Za a yi bugun ƙirji, za a yi guje-guje, zai bangaje ta, wataƙila har cizo. Abin da wuyar kallo, amma in ka yi saurin raba su duk lokacin da aka yi ƙara to kullum daga farko za a sake. Ana raba su ne in cizon ya yi zurfi, ko ya ƙi barinta ta huta, ko an ga tsoro ya hana ta ci da barci. Sanin wannan iyakar sai wanda ya daɗe da dabbobin, shi ya sa nake ganin gidan zu da ke yawan sauya masu kula da birai yana cutar kansa.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: ba a kawo sabon babban namiji cikin matan da ke da jarirai. Yana iya kashe jaririn da ba nasa ba don uwar ta dawo neman namiji da wuri, haka suke yi a daji ma. Sai a jira yaran su yi wayo.

Kuma kar a yanke ƙauna da wanda ya daɗe shi kaɗai. Wani gorila mai suna Willie B. na Atlanta shekara 27 ya yi a ɗaki shi ɗaya da talabijin da tayar lilo, sai 1988 ya taka ciyawa, aka bi shi a hankali har ya riƙe iyali ya haifi 'ya'ya biyar.

Sauran biran kowa da nasa tsarin. Cimfanzi maza da yawa da mata da yawa ne, suna rabuwa suna haɗuwa a yini, kuma faɗansu ya fi na gorila muni, haɗa baƙin maza na iya ƙarewa da kisa. Bonobo mata ke riƙe da gari kuma ɗa namiji da uwarsa yake tinƙaho har girmansa, don haka 'ya'ya mata ake tura wa wani gidan a bar mazan gun uwa. Orangutan kuwa ba mai son cunkoso ba ne, manyan maza biyu masu faffaɗan kumatu ba sa zama waje ɗaya, macen kuma a ba ta ƙofar da ita kaɗai ke iya wucewa don ta je wajen namiji in ta so.

Ciki da haihuwa

Macen gorila tana zagayowa kusan duk wata, kwana biyu zuwa uku take neman namiji, kuma ita ke zuwa ta tsaya gabansa tana kallonsa. Ba ta kumbura a baya sosai irin na cimfanzi da bonobo, don haka sai an sa ido. Abin gwajin ciki na fitsari da mata ke amfani da shi yana aiki a kanta, in an koya mata yin fitsari inda za a iya ɗiba. Cikin wata takwas da rabi ne, jaririn kilo biyu ko ƙasa da haka kaɗan, yawanci da dare ake haihuwa kuma ba ta daɗewa.

Kar a ware ta daga iyali don za ta haihu, kaɗaicin ya fi tayar mata da hankali, kuma 'yan matan da ke kallo karatu suke ɗauka. A ƙara ciyawar shimfiɗa, a sa kyamara, mutane su ja baya. Abin da ake dubawa a kwana biyu zuwa ukun farko: ta ɗauke shi ta rungume a ƙirji, kansa na sama, yana damƙe gashinta da ƙarfi, an ga yana tsotso, mabiyiya ta fita. Sabuwar uwa na iya riƙe shi a juye ko ta ajiye shi ta ɗan yi nisa, wannan kaɗai bai isa a ƙwace ba, da yawa suna gyarawa da kansu. In ta riƙe, shayarwa shekara uku zuwa huɗu ce, tazarar haihuwa kusan shekara huɗu, orangutan kuwa har bakwai zuwa takwas. Kar a gajarta wannan don son ƙarin jarirai.

In uwa ta ƙi ɗa

Yawanci uwar da ta ƙi ɗanta ita ma mutane ne suka raine ta, ba ta taɓa ganin ana goyo ba. A shekarun 1960 da 1970 da an ga ɗan tangarɗa sai a ɗauke jariri a sa masa nafkin da riga a ba shi feeda, jama'a na tururuwar kallo, a ƙarshe a samu babbar gorila da ba ta san yaren 'yan uwanta ba, namiji bai iya barbara ba mace ba ta iya goyo ba, matsalar ta wuce zuwa wani zubin.

Gyaran tun tana da ciki ake fara shi. A koya mata da 'yar tsana ta ɗauka ta kawo bakin raga, ta yarda a taɓa nononta, ta yadda in nonon bai isa ba za a iya ba jaririn madara ta raga yana hannunta. A Dublin a 2024 har mata masu shayarwa aka gayyato suna shayar da 'ya'yansu a gaban wata orangutan mai suna Mujur, ta nuna kulawa ga jaririn da ta haifa amma shayarwar ba ta yiwu ba, dole aka ɗauke shi. Wato ba kullum ake dacewa ba.

In ya zama dole a ɗauka, to a raine shi a gaban iyalinsa, yana jinsu yana ganinsu dare da rana. Masu rainon suna karɓa-karɓa awa 24, jariri ba ya sauka daga jiki, suna sa riga mai gashi don ya koyi damƙa, suna rarrafe da shi a baya, suna yi masa gurnani irin na uwa da ɗan tarin gargaɗi in ya yi ba daidai ba. Haka aka yi wa wata jaririyar gorila mai suna Gladys a Cincinnati a 2013 har wata babbar mace M'Linzi ta karɓe ta. Afia da aka ciro ta tiyata a Bristol a 2016 ita ma Romina ce ta riƙe ta. Burin shi ne cikin watanni, da zarar ya iya zuwa raga da kansa ya karɓi madara, a miƙa shi ga uwar riƙo, in babu a wannan gidan a kai shi inda take.

'Ya'ya maza

Haihuwa kusan rabi maza ce rabi mata, iyali kuma namiji ɗaya yake ɗauka da mata uku, ka ga lissafin ba zai taɓa fita ba. Tun ranar da aka ga jaririn namiji ne ya kamata a fara tunanin inda zai zauna nan da shekara goma, lokacin da zai fara gwada ƙarfi da ubansa. 'Ya mace ita ma wajen shekara shida zuwa takwas sai a sa mata maganin hana ɗaukar ciki, ƙwaya irin ta mutane ko ashanar da ake sakawa ƙarƙashin fata, har a samu gidan da za ta koma, don kar ubanta ya yi mata ciki.

Mazan ana haɗa su rukunin tuzurai, irin wanda gidan zu na Loro Parque ke riƙe da shi a tsibirin Tenerife. Ya fi ɗorewa in an haɗa su tun suna matasa, su uku ko huɗu masu tazarar shekaru, waɗanda uwa ta raina, kowa da ɗakin kwanansa, kuma ba mace kusa da za su ji warinta. Ko da haka in duk suka yi furfura wani lokaci sai an raba. Wasu gidajen a Turai suna dandaƙe wasu tun suna ƙanana don su ci gaba da zama cikin iyali ba tare da uban ya ɗauke su kishiya ba, ana ta muhawara a kai, ni dai ina ganin rage haihuwar tun farko ya fi. Mayarwa daji kuma da ake yawan kawowa a matsayin mafita, gidauniyar Aspinall ta kai wasu daga Ingila zuwa Gabon da Kongo, amma aiki ne mai tsada da haɗari, wasu sun mutu bayan sakin, kuma adadin da yake ɗauka kaɗan ne ƙwarai. Gorila a gidan zu tana kai shekara 40 zuwa 50, Colo sai da ta cika 60 kafin ta mutu a 2017, don haka kafin a cire wa mace maganin hana ciki sai a tabbatar akwai ɗaki da kuɗi da masu kula da za su riƙe abin da za ta haifa tsawon wannan lokacin, namiji ne ko mace.